Matar da ta Auna Gwiwar Dagatai Sittin da Uku

Ana ta yaɗawa a kasuwar kifi wai Mbak Muntamah ta ajiye aikin gwamnati ta shiga neman miji, kuma wai ta rantse ba za ta auri kowa ba sai wanda ya fi kowa doguwar ƙafa a gundumarmu, don ya riƙa goya ta duk ranar da teku ta shigo gari. Wai shi ya sa aka gan ta da tef ɗin tela tana bin dagatai gida-gida. Wata mai sayar da busasshen kifi ta ce a'a, ba miji ba ne, aljani ne a cikin kwamfutarta, kuma ba ya cin komai sai awon ƙafar manyan mutane.

To ni, Solikin, taubashinta ne, uwata da ubanta ciki ɗaya, kuma ina sanar da jama'a cewa ƙarya ce tsagwaronta. Mijinta na nan da ransa, Mas Rohadi tela, shekara goma sha shida suna tare, mutumin da in ya tsaya kusa da keken ɗinkinsa sai ka duba sau biyu kafin ka gane wa ya fi wani tsawo. Aljani kuwa, da akwai shi da tuni ya gudu, don babu mahalukin da zai jure aikin da take ɗora wa kwamfutar nan. Amma maganar awon ƙafa gaskiya ce. Dagatai sittin da uku, ko ɗaya ba ta tsallake ba. (A yarenmu Mbak yaya ce mace, Mas yaya namiji, Pak baba, Mak da Bu kuwa inna.)

A Tambakluhur aka haife ta, ƙauyenmu, tun lokacin da teku take da kunya, sai ka yi tafiyar rabin awa kafin ka gan ta. Babanta yana da tafkunan kiwon kifi guda uku. Tun tana 'yar shekara bakwai, sauran yara na kamun ƙaguwa, ita tana tsugune a kan laka da tsinke tana zana ƙauyen gaba ɗaya: masallaci, maƙabarta, gada, gidan kowa da bishiyar ƙofarsa. Wanda duk ya taka mata masallaci sai ya sha duka. Na taka sau biyu, har yau kunnena na hagu bai koma daidai ba.

Teku ta fara da tafkin farko, ta sha na biyu, shekarar da ta haɗiye na uku babanta ya rasu. Muntamah ta ci gaba da zuwa makarantar koyon safiyo a cikin gari, a kan keke, takalmanta a leda a rataye a wuya. Da ta gama aka ɗauke ta a ofishin tsare-tsare na gunduma. Aikinta na farko buga wasiƙa da haɗa shayi.

A ofishin akwai wani aiki da kowa ke tsoro kamar ciwon haƙori, rahoton ruwa na shekara. Kowane ƙauye da shafinsa: taswira a sama, a ƙasa zanen sanduna goma sha biyu, kowane wata da sandarsa, mai nuna inda ruwan teku ya kai a kan titi. Mutum huɗu ke yinsa, wata uku cur. A buɗe taswira, a ja ta, a matso da ita, a shafa launi, a koma wata manhajar a tsayar da sanduna, a kwafo, a manna, a rubuta suna, a kama na gaba. Kafin a kai ƙauye na arba'in ido ya raina fata, mutane sun fara gaishe da bango. Akwai shekarar da aka manna wa wani ƙauyen kan tudu taswirar bakin teku, dagacinsu ya zo har ofis yana tambaya a nuna masa inda zai ɗaure kwalekwale.

Wata bakwai Muntamah ta yi ba ta fita cin abincin rana ba. Takan idar da azahar, ta buɗe ƙunshin shinkafarta da tempe, wainar waken soya, a gefen tebur, hannu ɗaya na ci, ɗaya na kan kwamfuta. Shafi ɗaya tak ta tsara: ga gurbin suna, ga gurbin taswira, ga gurbin sanduna. Sannan ta zauna ta rubuta wa manhajar taswirar umarni layi bayan layi, kamar mai aiken kurma. Ɗauki ƙauye na farko a jerin. Kawo taswirarsa tsakiyar gurbi. Inda ruwa ya ci, shafa shuɗi. Ɗebo lambobinsa daga jadawali, tsayar da sandunan. Ajiye. Kama na biyu. Kamar dai mai buga bulo, akwatin ɗaya ne, ƙasar ce ke sauyawa.

Ranar da ta gwada, shugaban sashensu, Pak Hartoyo, ya tsaya a kanta da kofin shayi.

"Mbak Mun, wannan abin naki yaushe zai gama? In gaya wa na sama su jira wata nawa?"

"Kafin shayinka ya huce, Pak."

Ta danna maɓalli ɗaya ta naɗe hannu. A kan allon kwamfutar ƙauyuka suka fara wucewa da kansu, kowanne ya zo ya zauna a gurbinsa, shuɗi ya malala a kansa, sanduna suka miƙe tsaye kamar masu sahun sallah, ya wuce, wani ya shigo. Babu hannun kowa a kai. Minti goma sha ɗaya. Injin buga takarda ya yi ta amayo shafuka har sai da ya yi zafi. Pak Hartoyo ya cire tabarau, ya ƙirga sau biyu, ya juya bayan takardun yana dubawa kamar wani ne ya ɓuya a ciki yana zanawa. Ɗaya daga cikin mutum huɗun nan ya riƙe kai ya ce, "La ilaha illallah. To mu me za mu yi daga yau zuwa Disamba?"

Na ga masu gyaran injin jirgin ruwa, na ga mutumin da ke hawa bishiyar kwakwa da ƙafa ɗaya, amma ban taɓa ganin aikin wata uku ya narke a gaban mutum kamar ƙanƙara a shayi ba sai a hannun matar nan.

Sai dai ita ba don a yaba mata ta yi ba. Wannan rahoton shi ke raba gardama a kan abu ɗaya: kowace shekara ƙauyuka goma da ruwansu ya fi zurfi ake ɗaga wa titi. Tambakluhur kullum na goma sha huɗu, na goma sha biyar. Kuma a Tambakluhur mahaifiyarta take, Mak Sumi, da gyambo a ƙauri wanda ya shekara biyu bai rufe ba, don kullum sai ya sha ruwan gishiri. Motar asibiti takan tsaya a bakin gada ta juya. An yi juyin duniya tsohuwar ta koma gari wurin 'yarta, ta ce ita da kabarin mijinta ƙauye ɗaya za su kwana.

Da can ba wanda ke da lokacin kallon shafukan, ana gamawa ake ɗinkewa a miƙa. Yanzu da lokaci ya samu, Muntamah ta ture kujeru, ta shimfiɗa duka sittin da ukun a ƙasan ofis, kowane ƙauye kusa da maƙwabcinsa, ta cire takalmi tana zagayawa a tsakaninsu. Nan ta tsaya cak. Wonoasin, maƙwabtanmu, sandunansu sun fi namu tsawo da kusan rabi. Alhali ko jaririn Tambakluhur ya san in ruwa ya kore mu, Wonoasin muke gudu mu ajiye babura.

Ta bi lambobin har tushensu. Duk ranar da wata ya cika teku ta tumbatsa, kowane dagaci yakan shiga ruwa ya tsaya a mararrabar masallacin ƙauyensa ya turo saƙo yadda kowa ke faɗin ruwa tun kaka da kakanni: idon sawu, gwiwa, cinya, ƙugu. A ofis kuma akwai wata tsohuwar takarda manne a bango: gwiwa santimita arba'in da biyar, cinya sittin da biyar. Da ita ake mayar da maganar lamba.

Da wata ya sake cika, da la'asar, ta hau babur zuwa gida. Ta bar shi a bakin gada, ta tattare zani ta shiga. A mararraba ta iske dagacinmu, Pak Kasmuri, wanda ake kira Pak Lurah kamar kowane dagaci, tsaye a ruwa da waya a hannu. Wanda bai san shi ba, ya ɗauki sandar tuƙa kwalekwale ya sa mata hula. Yara kan ce in ana ruwan sama shi ne ke fara jiƙewa da minti biyar.

"Pak Lurah, me ka tura musu?"

"Gwiwa, 'yata."

Ta dubi kanta. Ruwan yana tsakiyar cinyarta.

"Gwiwar wa, Pak?"

"Tawa mana. Ta wa zan ara?"

Shekara tara yana dagaci, bai taɓa ƙara ko ɗan yatsa a kan abin da ya gani ba. Dagacin Wonoasin kuwa, Pak Jumali, shi ma mai gaskiya ne, sai dai in ya zauna a kan kujerar taro ƙafarsa lilo take yi. Ruwan da bai kai gwiwar Kasmuri ba ya riga ya kai cinyar Jumali.

Washegari ta kai maganar gaban Pak Hartoyo. Ya yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya.

"Mbak Mun, na yarda da ke. Amma ki taɓa lambar ƙauyenku ita kaɗai ki gani. Kafin magariba duk gunduma ta ce kin yi wa uwarki titi. Ko duka, ko a bar shi yadda yake."

"To duka, Pak."

"Kwana goma sha tara ya rage kwamitin rabon titi ya zauna."

"Ai rahoton minti goma sha ɗaya ne. Sauran kwanakin nawa ne."

Tun da bai dace mace ta durƙusa tana taɓa ƙafar dattawa ba, ta sa Mas Rohadi ya rufe shago ya rataya tef. A taron wata-wata na dagatai suka fara. Shi yana awo, ita tana rubutawa: idon sawu, gwiwa, tsakiyar cinya, ƙugu. Da farko ana ta nishaɗi, an ɗauka yunifom za a ɗinka.

"Mas, nawa ka sake shi a ciki, matata ta iya girki."

"Kasmuri, kai sai an haɗa tef biyu. Gwamnati ba ta da yadin da zai rufe ka."

Da ta yi musu bayani, kowa ya yi lissafi a ransa. Sai ga shi duk wanda aka kira yana miƙewa kamar zakara zai yi cara. Pak Jumali ya fita waje ya dawo da takalmin direbansa mai tudun ƙasa.

"Pak Lurah, a cire takalmin," in ji Muntamah. "Ai ba da shi kake shiga ruwa ba."

"Da shi nake shiga!"

"Jumali, ji tsoron Allah," wani ya ce daga baya. "In ka shiga ruwa da wannan, sai dai mu tsinto ka a wani tsibirin."

Ya cire yana ƙunƙuni, ya ɗaga dunduniya. Mas Rohadi ya dafa masa kafaɗa a hankali ya mayar da shi ƙasa, ya ce, "Haƙuri, Pak. Ni ma haka Allah ya yi ni."

Arba'in da ɗaya suka samu a ranar. Sauran suka bi su a babur, tela a baya rungume da jaka, ƙauye uku ko huɗu a yini, wani a gona, wani a wurin biki, wani yana kwance da zazzaɓi aka auna shi a kwance. Kullum suka dawo takan zuba sababbin lambobin a layin da ta ƙara wa jadawali, ta danna, jerin ya sake kansa. Ƙauyuka na hawa suna sauka kamar guga. Wonoasin ta zame daga na huɗu zuwa na goma sha uku. Tambakluhur ta yi ta rarrafe: goma sha uku, goma sha biyu, goma sha ɗaya. Ranar da aka auna mutum na sittin da biyu ta zauna a kan na goma daram.

Saura ɗaya, Pak Tasripin na Bendoasri, kuma ƙauyensa ne na goma sha ɗaya, yana bin namu a dunduniya da tsohuwar lambar bango. Ya aiko cewa shi ba akuya ba ne da za a tattaɓa a kasuwa. Mutum ne kuwa ƙato, in ya shigo ɗaki haske ke raguwa. Muntamah ta yi lissafinta: in gwiwarsa ta kai hamsin da biyu, Bendoasri ta haye, Tambakluhur ta faɗo, sai kuma baɗi.

Wata abokiyar aikinta ta matso ta ce mata a kunne, "Mbak, shi ya ƙi. Kin je sau biyu, kowa ya shaida. Ki bar shi mana."

Muntamah ta tattara takardunta. Ta wuce ƙauye wanke wa Mak Sumi ƙafa, kamar yadda take yi duk Laraba. Tsohuwar na zaune a kan gadon da aka ɗora bisa bulo hawa uku, ta miƙo ƙaurin.

"An auna na ƙarshen?"

"Ya ƙi, Mak."

"Uhm." Tsohuwar ta dubi ruwan da ke lasar ƙafar gadon. "Su can Bendoasri ba su da tsofaffi ne?"

Muntamah ta gama ɗaure bandejin, ta wanke hannu. Washegari da hantsi suna ƙofar gidan Pak Tasripin. Ya fito ya tsaya ya cika ƙofar.

"Na ce ba a auna ni."

"Pak, in aka auna ka, wataƙila ƙauyenka ya samu titi, namu ya rasa. Shi ya sa na dawo."

Daga bayansa wani hannu ya fito ya fizge tef ɗin daga wuyan Mas Rohadi. Matarsa ce. Ta ja shi ciki da gefen riga, aka ji tana cewa, "Tsaya ƙyam, Pak, ka daina motsi kamar mai jin fitsari." Ta fito ta ce, "Gwiwa arba'in da tara."

Mas Rohadi ya girgiza kai. "Bu, ba rainin awonki ba. Mutum kamar ƙofar masallaci?"

"Shekara talatin ina rage masa ƙafar wando. Tsawon nan da kuke gani duk a ciki da wuya yake."

Amma Muntamah ba ta rubuta ba. Ta ce a yi haƙuri a sake, a gaban kowa. Pak Tasripin da kansa ya fito tsakar gida, ya naɗe zani, ya miƙa ƙafa yana kallon sama. Mas Rohadi ya auna sau biyu. Arba'in da tara da rabi. Ta rubuta hamsin.

Ranar kwamiti, ɗakin ya cika da dagatai har da masu leƙe ta taga. Aka haska allon kwamfutarta a bango. Ta zuba lambar ƙarshe a gabansu, ta danna. Sittin da ukun suka sake wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowane dagaci na ganin ƙauyensa sai ya ɗan miƙe daga kujera kamar an kira sunansa a asibiti. Shafin ƙarshe shi ne jerin. Na goma, Tambakluhur. Pak Jumali ya tashi ya ce shi bai yarda ba, a sake. Ta sake. Ya ce a kuma. Ta kuma, ta ce masa in yana so har magariba za a yi ta yi, ita ba ta gajiya da danna abu ɗaya. Ya zauna. Daga baya shi ne ya fara kawo shawarar a kafa sanda mai lamba a kowace mararraba, kuma an kafa, ko da yake har yau in ka tambayi dagaci ruwa, gwiwa zai ce maka.

Bayan wata huɗu tifofi suka fara sauke ƙasa da tsakuwa a bakin gada. Lungunan da tifa ba ta shiga, mu aka bar wa, aikin gayya, kowane gida mutum ɗaya da kwando. Aka fito wa Mak Sumi da kujera ƙofar gida, ta ɗora ƙafar a kan bokiti tana ba da umarni kamar ita ta ba da kwangilar. Ma'aikaciyar asibiti ta riga ta aiko cewa da zarar an daddaɓe titin, duk Litinin motar za ta shigo har ƙofa.

Muntamah na cikin layin masu kwando, ta ɗaure ɗankwali tamau, laka har gira. Ni kuma ina kan tarin tsakuwa ina duba lafiyar aikin. Da ta zo wucewa na ce, "Mbak, ni fa tausayin gwamnati nake ji. Na'ura ke aiki, ke kina karɓar albashin hamma. Ki ba ni kujerar mana, danna maɓalli ɗaya ai ko ni zan iya."

Ba ta ko tsaya ba. Ta gyara kwandon a ka ta ce, "Ita na'urar, Solikin, sau ɗaya na gaya mata abu ta ji. Kai wannan ne karo na huɗu: sauko ka ɗauki kwando."